Yadda mai 'ya'ya zai ci gaba da rubutu da karatu a dogon hutu

Dogon hutun makarantun boko yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, a tsakiyar damina. Yara suna gida, ana maimai a gona, ga marka a watan Agusta. Marubuci ko marubuciyar da ke ƙauye a Kano ko Jigawa, in ta ce sai gida ya yi tsit za ta ɗauki biro, to har a ci tumu ba ta rubuta layi ɗaya ba. Dabarar ita ce a rage buri, a tsayar da lokaci.

A fara da littafin rubutu mai warƙa 60. A riƙa rubutu a shafin dama kaɗai, na hagu a bar shi don gyara. Shafi biyu kullum, cikin kwana 30 littafin ya cika. Minti 40 ya isa shafi biyu in an kwana da abin da za a rubuta, shi ya sa ake so a tsaya a tsakiyar zance, gobe a ɗora ba tare da dogon tunani ba.

Lokacin ya danganta da aikin mutum. Uwa ta fi samun sarari bayan sallar asuba kafin a dama koko, ko sa'ad da yara suka tafi makarantar allo. Sai dai a tuna Alhamis da Juma'a ba a zuwa, kada a sa rai da su. Magidanci kuwa safiyarsa ta gona ce, nasa lokacin tsakanin azahar da la'asar ne, da ranar da ruwa ya hana fita. Rubutun dare ya fi wuya: jiki ya gaji, fitila tana tara ƙwari. In ya zama dole, a shiga gidan sauro da ƙaramar fitilar sola.

Takarda tana da abokan gaba biyu a damina, danshi da gara. Kada a jingina littafi da bangon ƙasa, kada a ajiye shi a daɓe ko ƙarƙashin katifa. A sa shi a leda, a saka cikin akwatin ƙarfe ko bokitin fenti mai murfi, a ɗora kan bulo biyu. Ranar da rana ta fito a shanya littattafan na awa ɗaya. Fensir ya fi biro juriyar jiƙa, domin tawada tana iya yaɗuwa. Mutanen bakin Kogin Haɗeja, irin su Auyo da Ringim, inda ambaliya ba baƙuwa ba ce, gara su rataya bokitin a sama, kuma duk mako su ɗauki hoton shafukan da waya.

Wayar kuwa, a bar ta don kwafewa. Wanda ke rubutu kai tsaye a cikinta, caji ya ƙare, aiki ya tsaya sai ta dawo daga wurin mai caji. A ware rana ɗaya a mako a buga abin da aka rubuta, a tura wa kai ta WhatsApp ko imel. A saka Hausa a Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta waya, don samun ƙ, ɗ da ɓ, in ba haka ba baƙi ya koma baki.

Yara kuma, korarsu ba ta aiki, sai dai a ba su nasu. Kowa littafinsa mai warƙa 20 da fensir, a zauna tabarma ɗaya. Ɗan aji ɗaya zuwa uku ya karanta Hausa da ƙarfi na minti 15. In ya cije a kalma, a ƙirga biyar a zuci kafin a faɗa masa. Yawan katse yaro da tsawa shi ke sa ya tsani littafi, ya koma hadda ba ya kallon baƙaƙen. Babba ya karanta wa ƙannensa. Da dare kaka ta yi "ga ta nan ga ta nanku", washegari yaran su rubuta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yadda suka ji ta. Wajen gyara a ɗauki kuskure iri ɗaya tak a rana, misali raba kalmomi: "ya tafi" ba "yatafi" ba. Mai rubutu ma yana ƙaruwa a nan, domin bakin tsofaffi cike yake da kalmomin da ba a ji a rediyo, sai a tanadi shafin ƙarshe don tara su.

Za a yi fashi, musamman da yake lokacin zazzaɓin cizon sauro ne. In yaro ya kwanta, a rufe littafi a kai shi asibiti. Bayan ya warke kada a ce za a rama shafi goma a zama ɗaya, a koma kan shafi biyun nan daga inda aka tsaya.