Yadda za a ɗora yaron gidan makaɗa a kan saksofon

Yaron da ya tashi a gidan kiɗa kunnensa a buɗe yake tun kafin ya taɓa kayan busa. Branford Marsalis, mai busa saksofon wanda aka haifa a 1960, ɗan Ellis Marsalis ne, makaɗin fiyano na New Orleans a Amurka. Femi Kuti ma, mai busa saksofon, a ƙungiyar mahaifinsa Fela ya goge. Sai dai kunne ake gada, leɓe da numfashi kuwa sai an hore su, kuma nan ne iyaye da yawa a Jos ke sakaci.

A jira yaro ya kai kamar shekara 10, haƙoransa na gaba sun gama fitowa. Saksofon iri-iri ce: a saya masa alto, domin tena ta yi masa nauyi, sofrano kuma tana da wuyar saiti. Idan ta hannu ce, a shiga ɗaki mai duhu, a zura ƙaramar tocila cikinta, a danne maɓallan a hankali. Duk ramin da haske ya leƙo, fatar da ke toshe shi na yoyon iska, kuma ƙananan muryoyi ba za su fito ba sai an gyara.

Bakin busa na Yamaha 4C ya wadatar. Rid, wato siririn karan da ake ɗaurewa a bakin, a fara da lamba 2. Mai kauri zai sa yaro ya riƙa cizo, sautin ya shaƙe.

Hunturun Jos babban abokin gabar rid ne. Iska na busar da shi, bakinsa ya lanƙwashe, sai ka ji busa na tsuwa. A jiƙa shi a ruwa minti 2 kafin a fara, a tanadi guda 3 ko 4 ana juya su, a mayar da kowanne gidansa bayan an gama. Kada a bar shi a ɗaure ya kwana. Toton da ke wuyan saksofon ma yana bushewa, a shafa masa mansa kafin a murza bakin busa, in ba haka ba ya tsage.

Haƙoran sama su zauna a kan bakin busa, leɓen ƙasa ya ɗan rufe haƙora, iska ta taso daga ciki, kumatu ba kumburi. Minti 10 na farko murya ɗaya zai riƙa ja har numfashi ya ƙare, sannan a shiga sikel, wato hawa da sauka a jerin muryoyi. Minti 30 kullum ya fi awa 3 ranar Asabar.

Ga inda gidan makaɗa ke ruɗewa: idan baba ya danna muryar C a kibod, mai alto muryar A zai busa kafin su haɗu. Yaro bai yi kuskure ba, haka aka ƙera alto. Da ya gane wannan, a koya masa salon kiɗan buluz mai gaɓa 12, tushen kiɗan jaz. Baba ya kaɗa gajeren zance, yaro ya maimaita da kunne, daga baya ya amsa da nasa.

Kada ya busa bayan shan lemo ko cin alawa sai ya kuskure baki, domin sukari na manne fatun, musamman ta G#. Idan ta manne, a sa takarda mai tsabta a ƙarƙashinta, a danne, a ja. Bayan kowace busa a zura ƙyalle a tsane cikin, a ɗauke ta ta faffaɗan bakinta, ba ta maɓallai ba.