Yadda ake zaɓa da shirya jakar goyo mara nauyi wadda ruwa ba ya ratsawa domin doguwar tafiyar ƙasa

A shekarar 1955 wata dattijuwa 'yar Amurka mai suna Emma Gatewood, tana da shekara 67, ta taka hanyar Appalachian Trail da ƙafa daga jihar Jojiya zuwa jihar Maine, ɗauke da buhun da ta ɗinka da hannunta ta rataya a kafaɗa, kuma labulen banɗaki na roba shi ne kariyarta daga ruwan sama. Hanyar a yau ta kai kimanin kilomita 3,500, mafi yawan masu bin ta kuma sukan shafe wata biyar zuwa bakwai kafin su kai ƙarshe. A tafiya irin wannan kowane giram da ke bayan mutum yana da hisabi, shi ya sa aka samu jakunkunan goyo waɗanda nauyinsu, babu komai a ciki, yake tsakanin rabin kilo zuwa kilo ɗaya, alhali jakar hawan dutse ta da takan kai kilo biyu ko uku. Ga matakan da ake bi wajen zaɓen irin wannan jaka da shirya ta yadda kaya za su kwana a bushe.

Mataki na farko: a auna kaya kafin a sayi jaka

Jaka ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a saya, ko da yake ita ce ta fi jan ido a kanti. A fara tara duk abin da za a tafi da shi, wato tanti, jakar barci (bargon da ake shiga cikinsa a kwanta), shimfiɗa, tufafi, ɗan risho da tukunya, a ɗora kowanne a kan sikelin kicin a rubuta nauyinsa. Jimillar waɗannan tare da jakar kanta, ban da abinci da ruwa da man risho, ita ce masu wannan harka suke kira nauyin tushe, kuma a wurinsu sai ya gaza kilo huɗu da rabi ne ake cewa kayan mutum marasa nauyi ne ƙwarai. Bayan nan a ƙara lissafin guzuri: litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce cif, abincin yini ɗaya kuma yakan kama daga giram 700 zuwa kusan kilo guda. Wanda zai bi sashen hamada na hanyar Pacific Crest Trail a kudancin Kalifoniya, inda akan yi doguwar tafiya tsakanin mashaya da mashaya, zai iya samun kansa da lita biyar ko shida na ruwa a baya, kuma wannan nauyi na rana mafi tsanani shi ne ma'aunin da za a zaɓi jaka da shi.

Mataki na biyu: a tsayar da girma da batun firam

Ga mafi yawan masu doguwar tafiya, jaka mai cin lita 40 zuwa 55 ta wadatar. Babbar jaka tana da wata illa da ba a cika lura da ita ba, wato duk gurbin da ya rage sai zuciya ta nemo abin da za ta cusa a ciki. Batun firam, wato sandunan da ke tokare bayan jaka, ya fi wannan muhimmanci. Jakar da ba ta da firam ta fi sauƙi, amma da zarar kaya sun wuce kilo tara ko goma sai ta lanƙwashe, nauyin ya koma kan kafaɗu gaba ɗaya. Mai ɗauke da siraran sanduna biyu na alminiyam ko na kabon a bayanta tana sauke nauyin zuwa ƙugu, kuma tana iya ɗaukar kilo 13 zuwa 15 ba tare da ta gallabi mai ita ba. Ga sabon shiga, mai firam ɗin ta fi dacewa, domin 'yan giram ɗarin da aka tsira da su ba su kai ciwon kafaɗa na wata biyar ba.

Mataki na uku: a fahimci yadin, sannan a binciki ɗinkin

A nan ne talla ta fi ruɗar mutane. Akwai bambanci tsakanin yadin da ruwa ba ya ratsawa da jakar da ruwa ba ya shiga, kuma kamfanoni masu gaskiya sukan rubuta cewa jakarsu tana jure ruwa sosai, ba sa alkawarin cewa ko ɗigo ba zai shiga ba. Yadi mafi shahara a wannan fage shi ne Dyneema Composite Fabric, wanda a da ake kira Cuben Fiber, kuma asalinsa an ƙirƙire shi ne domin zanen da iska ke bugawa ta tura jiragen ruwa na tsere. Ana shimfiɗa zarurruka masu tsananin ƙarfi tsakanin siraran ledoji biyu a manne su, saboda haka ba ya shan ruwa, ba ya kuma ƙara nauyi idan an yi ruwa a kansa. Yaduddukan X-Pac da Ultra su ma daga masaƙun masu yin zanen jirgin ruwa suka fito, kuma dukansu suna da shafin leda a ciki. Nailan na yau da kullum da aka shafa wa sinadari ya fi araha nesa ba kusa ba, yana kuma jure gogayya da duwatsu, sai dai yana jiƙewa, shafin nasa kuma yana ɓarewa da tsufa.

Komai kyan yadi, allura ta huda shi a duk inda aka yi ɗinki, kuma jaka guda tana da dubban irin waɗannan ƙananan ramuka, musamman inda aka haɗa madaurin kafaɗa da na ƙugu. Saboda haka a juya jakar ciki waje a duba ko an bi ɗinkunan da tef mai manne. Kamfanoni irin su Hyperlite Mountain Gear da Zpacks suna yin haka a jakunkunansu, wasu kuwa sukan bar ɗinkin a buɗe. A duba bakin jakar kuma: wadda ake naɗe bakinta a ɗaure ta fi mai zif aminci, domin zif shi ne wurin da ya fi saurin lalacewa da yoyo.

Mataki na huɗu: a gwada ta a jiki

Tsawon baya ake aunawa, tsayin mutum ba shi ne abin dubawa ba. A sunkuyar da kai a lalubo ƙashin da ya fi fitowa a gindin wuya, wani ya ja awon tela daga nan zuwa daidai saman ƙasusuwan ƙugu, sannan a gwama da jadawalin kamfanin. A zuba kaya masu nauyin gaske, a fara ɗaure madaurin ƙugu a kan ƙashi, sannan na kafaɗa, na ƙirji ya zo a ƙarshe, a yi tafiyar aƙalla awa ɗaya da hawa da gangara.

Mataki na biyar: a sa leda a ciki ko da an ce jakar ba ta yoyo

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne arha, shi ne kuma ya fi kowanne amfani. A samo babbar leda mai kauri, irin wadda ake zuba shara mai nauyi a ciki, a zura ta cikin jakar ta zama kamar shafi, sannan a sa duk abin da bai kamata ya jiƙe ba a cikinta. Jakar barci ce ke shiga ƙasa, tufafin kwana su biyo baya, a danna iska ta fita, a murɗe bakin ledar a tura shi gefe yana kallon ƙasa. Dalilin wannan tsanani shi ne jakar barci mai cike da gashin agwagwa tana rasa ɗuminta idan ta jiƙe, kuma daren sanyi a kan dutse cikin jiƙaƙƙen kaya yana iya sauke zafin jikin mutum har ya halaka shi. Rigar da ake lulluɓa wa jaka daga waje ba ta maye gurbin wannan leda, domin ruwa yana gangarowa tsakanin bayan mutum da jakar inda rigar ba ta rufe ba, iska mai ƙarfi kuma takan yaye ta.

A saman ledar, kusa da ƙashin baya, ake ajiye abinci da duk wani abu mai nauyi, don kada jakar ta riƙa jan mutum baya. Jiƙaƙƙen tanti da rigar ruwa wurinsu babban aljihun raga na waje ne, inda za su tsane suna shan iska. Waya da takardu da batir suna buƙatar ƙaramar leda tasu daban. Daga nan a naɗe bakin jakar sau uku aƙalla kafin a ɗaure, kuma idan kaya sun cika har naɗi ukun ya gagara, to kayan ne suka yi yawa.

Mataki na shida: a yi gwajin ruwa a gida

A cika jakar da tsofaffin jaridu ba tare da leda ba, a rufe ta yadda ya kamata, a tsayar da ita ƙarƙashin shawa ko a feshe ta da tiyo na minti goma. Inda takarda ta yi danshi, nan ne ɗinki yake yoyo, sai a bi wurin da gam na toshe ɗinki ko tef wanda ya dace da yadin, a bar shi ya bushe kwana guda.

Mataki na bakwai: kula da ita a hanya da bayan dawowa

Yadudduka masu manne suna tsufa ta wurin naɗi, inda ledar ciki take fara rabuwa da zare bayan dubban kilomitoci, don haka jakar da ta ci gwaji tana sabuwa tana iya yoyo a tsakiyar tafiya. A riƙe ɗan guntun tef na faci da ledar canji guda ɗaya, a guji jan jakar a kan dutse, a kuma naɗe tsinin turakun tanti kafin a sa su ciki. Idan an dawo gida a wanke ta da hannu da ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi, kada a sa ta a injin wanki, a shanya ta a inuwa bakinta a buɗe har sai ta bushe sarai kafin a ajiye.