Kafin mai wayarin ya hada maka wuta a gida

Jama'a in za ku sa a yi muku wayarin a Zariya, don Allah ku tambayi mai aikin maganar SPD tun farko, wato na'urar da ake sawa cikin akwatin rarraba wuta ta shanye wutar da ta zo da karfi lokacin tsawa ko sanda aka dawo da nepa. Stabilaiza ba ta wannan aikin, ita sai hawa da saukar wuta a hankali.

Kuma SPD ba ta aiki in babu earthing mai kyau, wato hanyar da wutar da ta yi yawa za ta bi ta shige kasa, ka tsaya ka ga an binne sandar jan karfe da idonka. Damina ta bara firij dina ya kone a Samaru, mai wayarin ya ce ai ban ce ya sa ba. Shi ya sa ku rubuta a takarda, in ya ba da shawara ka ki, ya sa hannu kai ma ka sa, in bai fada ba laifin na wuyansa.