Yadda ake kula da mahaɗar titin mota da layin dogo

Wurin da kwalta ta ratsa layin dogo iyayen gida biyu gare shi, shi ya sa yake yawan zama maraya. Dogon da duk abin da ke riƙe da shi galibi na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda dokar 1955 ta kafa. Titin kuma na mai shi ne: tarayya, jiha ko ƙaramar hukuma. Tsarin da aka saba bi shi ne, reluwe ta ɗauki dogo, daɓen da ke tsakanin ƙarafa biyu, shinge, fitila da mai gadi. Masu titi su ɗauki kwaltar da ke kaiwa wurin, allunan gargaɗi, fenti da lambatu. A rubuta wannan rabo, a sa hannu, a kafa ƙaramin allo mai lambar mahaɗar da lambar wayar tasha mafi kusa. Tun da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shimfiɗa nasu layin, rubutun ya ƙara zama dole.

Mai duba wuri ya fara da ramin ƙafa, wato siririn kwarin da ke jikin kowane ƙarfe ta ciki, inda leɓen ƙafar jirgi yake bi. Faɗinsa ya kai santimita 6 zuwa 7, zurfinsa kada ya gaza 5. Yashi, tsakuwa, ɓawon rake da leda suna cika shi, tayoyin mota su danne su har su zama kamar siminti, sai ƙafar jirgi ta hau kai ta goce. Kullum a kwashe shi da ƙugiyar ƙarfe da tsintsiya. A nan ne kuma masu facin titi suka fi ɓarna: su zo da kyakkyawar niyya su malala kwalta har kan dogo. Kada wanda ya zuba komai a wurin sai injiniyan reluwe na tsaye.

Sai a aza ma'auni. Tsohon layin Legas zuwa Kano milimita 1,067 ne tsakanin ƙarafa, sabon irin na Abuja zuwa Kaduna 1,435. Nauyin tireloli yana sassauta noti da maƙalan da ke danne ƙarfe, ɓarayin ƙarfe kuma su kwance sauran. Duk wanda ya ɓace a mayar da shi a ranar.

Ruwa ne babban mai kashe mahaɗa. In lambatu ya toshe, ruwan sama ya kwanta a ƙarƙashi, laka ta cika tsakuwar da dogo ke kwance a kai. Alamar ba ta ɓuya: jirgi na wucewa za a ga dogo yana lotsawa yana tasowa, taɓo yana tsartuwa ta gefen daɓe. Faci daga sama asarar kuɗi ne. Sai an rufe titi, an ɗaga daɓe, an kwashe ruɓaɓɓiyar tsakuwa, an zuba sabuwa an daddage ta, an buɗe wa ruwa hanya. A yashe lambatu da kwalbati kafin ruwan farko. A kuma lura da tudu: duk ɗaga dogon da aka yi ba a gyara gangaren titi ba, ƙusumbi ake ginawa, kuma a kansa cikin doguwar tirela mai ƙasa-ƙasa yake dafewa.

Batun hange lissafi ne. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Tirelar da ta tashi daga tsaye da cikakken lodi za ta iya shan daƙiƙa 20 kafin wutsiyarta ta fita. Ke nan dole direba ya hango layin fiye da mita 330 dama da hagu daga inda ya tsaya. Jirgin kuwa ba ya kaucewa, in ya taka birki ma sai ya ci ɗaruruwan mita. Saboda haka a sare ciyawa da dawar da aka shuka a bakin layi, a janye rumfunan 'yan tireda da masu kayan gwari, a hana a-daidaita-sahu yin tasha a bakin shinge. Wannan ya fi kowane aiki jawo rigima, kuma bai yiwuwa sai da mai unguwa da shugabannin kasuwa.

Inda akwai fitila da ƙararrawa masu kunna kansu, ƙafafun jirgi ne ke haɗa lantarki tsakanin ƙarafa biyu. Layin da jirgi ke bi jefi-jefi yana yin tsatsa, na'urar ta kasa jin zuwansa. A riƙa gwada ta, a duba batir, a goge ƙurar hunturu daga faranti mai zuƙar rana. Da zarar ta lalace a sanar da tasha, a sa mutum da tuta, jirage su rage gudu.

Mai gadi ya kama aiki da jar tuta da koriya, fitilar hannu, usur, sarƙa da kwaɗo, waya mai caji da littafin da yake rubuta lokacin kowane jirgi. Ya rufe shinge da zarar tasha ta kira shi, ya leƙa ya tabbata babu abin da ya maƙale, kada ya buɗe sai taragon ƙarshe ya wuce, a layi biyu kuma sai ya duba ɗayan. Kada a bar mutum ɗaya dare da rana. Tuta kaɗai ba ta tare mota: ranar 9 ga Maris 2023 a mahaɗar PWD da ke Ikeja, wata bas ɗin ma'aikatan jihar Legas ta kutsa gaban jirgi, mutum shida suka mutu a ranar. A mahaɗa mai cunkoso irin wannan a sa shingen da ke rufe titin baki ɗaya, hannun shiga da na fita, a kuma nemi jami'in kiyaye haɗura ko ɗan sanda ya tsaya safe da yamma.