Yadda Ake Auna Giɓin Kuɗin Shiga Ba Tare da Samfuri Ya Yaudare Ka Ba

Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen auna tazarar da ke tsakanin masu hannu da shuni da marasa ƙarfi shi ne na Gini. Corrado Gini, masanin ƙididdiga ɗan Italiya, ya fito da shi a 1912, kuma ana lissafa shi daga zanen da Ba'amurke Max Lorenz ya ƙirƙiro a 1905. Idan ya nuna sifili, kowa samunsa ɗaya. Idan ya kai 1, mutum guda ne ya kwashe komai.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Ɗauki gidaje biyar masu samun 10, 20, 30, 40 da 100, jimilla 200. Jera su daga ƙarami zuwa babba, ka raba samun kowanne da 200 don fitar da kasonsa, ka riƙa tara kason kowanne a kan na baya: 0.05, 0.15, 0.30, 0.50, 1.00. Sai ka haɗa kowane adadi da wanda ya gabace shi, na farko da sifili: 0.05, 0.20, 0.45, 0.80, 1.50. Jimillarsu 3.0. Kowane gida kashi ɗaya cikin biyar ne na jama'a, wato 0.2, don haka ka ninka 3.0 da 0.2, ka sami 0.6. Cire shi daga 1, Gini ya zama 0.40.

Yanzu a ce mai 100 ɗin nan ya ƙi buɗe ƙofa ga mai tambaya. Maimaita lissafin da gidaje huɗu da suka rage, za ka ga Gini ya faɗo zuwa 0.25. Babu abin da ya sauya a rayuwar mutanen, gida ɗaya ne kawai ya ɓace daga takarda. A nan ne gizo ke saƙa: attajirai sun fi kowa ƙin amsa tambayoyi, waɗanda suka amsa kuma sukan rage abin da suke samu. Saboda haka ne ake kwatanta sakamakon bincike da bayanan haraji, inda akwai su, don a gyara ɓangaren sama.

Wajen zaɓen samfuri, wato gidajen da za a yi wa tambayoyi a madadin sauran, fara da raba ƙasar rukuni-rukuni, birni daban, karkara daban. A cikin kowane rukuni ka zaɓi yankunan ƙidayar jama'a ta hanyar ƙuri'a, yankin da ya fi yawan gidaje ya fi samun damar fitowa. Kada ka dogara da tsohon jerin sunaye. A shiga yankin a rubuta kowane gida sabo, domin baƙi da sababbin matsugunai ba sa cikin tsohuwar rajista. Idan yanki na da gidaje 200 kana son 20, zaɓi lamba tsakanin 1 da 10 ta ƙuri'a, sannan ka riƙa ɗaukar kowane gida na goma.

Gidaje nawa ake buƙata? Don kiyasta wani kaso da kuskuren maki 5 cikin ɗari, a tabbacin kashi 95, lissafi na ba da 385. Sai dai maƙwabta sukan yi kama da juna, gida ashirin daga unguwa ɗaya ba su kai ashirin da aka tsinto daga wurare daban-daban ba. Idan ma'aunin kamannin ya kai 0.05, ninka shi da 19 (gida ashirin ɗin a cire ɗaya), ka ƙara 1, ka sami 1.95. Ninka 385 da wannan, gidajen sun koma kusan 750. In kana tsammanin kashi 10 ba za su amsa ba, raba da 0.9, su zama 834. Gini na buƙatar fiye da haka, don masu manyan kuɗi kaɗan ne kuma tasirinsu babba ne.

Gidan da aka tarar a rufe, a koma masa sau uku a lokuta mabambanta. Kada a maye gurbinsa da na maƙwabci don sauƙi.

Kafin lissafi, ka ba kowane gida nauyinsa, wato yawan gidajen da yake wakilta. Wanda damar zaɓensa ɗaya ce cikin 500, yana wakiltar gidaje 500. Raba kuɗin gida da yawan mutanen cikinsa, ka kuma ninka nauyin da wannan yawan, in dai mutane kake aunawa ba gidaje ba. Ka haɗa da abin da manomi ya noma ya ci, a ƙimar kasuwa. Kuma kada ka jera Gini na kuɗin shiga da na abin da ake kashewa wuri ɗaya. Na biyun yakan fito ƙasa, tunda mai kuɗi ba ya kashe duk abin da ya samu.