Yadda Ake Haɗa Pi-hole Don Tare Tallace-tallace Da Masu Bibiya A Intanet Ɗin Gida

Kafin waya ta buɗe kowane shafi, sai ta tambayi DNS, wato tsarin da ke fassara sunayen shafuka zuwa adireshin lambobi, adireshin sunan shafin. A nan Pi-hole, manhajar da ke zama DNS ɗin gidanka, ke tare hanya. Idan sunan yana cikin jerin masu talla ko masu bin diddigi, sai ya amsa da 0.0.0.0, tallar ta rasa inda za ta fito. Na'ura ɗaya ta ishi gida kaf, har da talabijin mai intanet wanda ba a iya sa masa manhajar tare talla.

Kana buƙatar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi (ko ƙaramin Zero 2 W mai RAM 512MB ya wadatar), katin microSD na 8GB ko fiye, da caja mai ba da isasshiyar wuta (5V 2.5A idan Zero 2 W ne). Kada ka yi wasa da cajar nan. Idan wuta ta gaza, na'urar kan mutu tana tsaka da rubutu, katin ya lalace.

Da manhajar Raspberry Pi Imager a kwamfutarka za ka sa Raspberry Pi OS Lite a katin. Kafin ka danna rubutawa, shiga saituna ka kunna SSH (hanyar sarrafa Pi daga wata kwamfutar), ka sa sunan shiga, kalmar sirri da bayanan Wi-Fi. Sannan ka shiga saitunan rauta (na'urar da ke raba intanet a gida), a sashen DHCP mai raba wa na'urori adireshi ka keɓe wa Pi adireshi ɗaya, misali 192.168.1.10. In ka tsallake wannan, ranar da rauta ta canza masa adireshi, intanet ɗin gida duka zai tsaya cik.

Shiga Pi ta SSH ka rubuta:

curl -sSL https://install.pi-hole.net | bash

Mai tsantseni zai fara sauke fayil ɗin ya karanta kafin ya gudanar, kuma hakan ya fi. Yayin sakawa, Pi-hole zai tambaye ka DNS ɗin da zai riƙa miƙa wa sauran tambayoyi: Quad9 (9.9.9.9) yana toshe sanannun shafukan cutarwa, akwai kuma Cloudflare (1.1.1.1). Da an gama, sa kalmar sirrin shafin kulawa da sudo pihole setpassword.

Koma rauta ka sa adireshin Pi a gurbin DNS. A nan ne mutane ke ɓata aikin. Sai su cika gurbi na biyu da 8.8.8.8 (DNS ɗin Google), wai ko da Pi ya mutu. To na'urori ba sa jiran na farko ya mutu, suna tambayar duk wanda suka ga dama, sai tallar ta sulale ta can. Bar gurbi na biyun fayau, ko ka haɗa Pi na biyu. Haka idan talla na fitowa a waya ɗaya kawai, duba saitin DNS na sirri a Android ko DNS mai tsaro a burauza, domin suna kewaye Pi-hole.

Tallar YouTube kuwa ba za ta tafi ba, don daga sunaye ɗaya take fitowa da bidiyon. Idan wani shafi ya ƙi buɗewa, shiga pi.hole/admin, duba rajistar tambayoyi, ka halatta sunan da aka toshe.

Kada ka taɓa buɗe ƙofa ta 53, wadda DNS ke bi, ga intanet daga rauta. Maharan intanet na farautar irin waɗannan DNS ɗin don ambaliyar saƙonni kan wasu. In kana son amfani da Pi-hole daga waje, bi ta VPN (kafaffiyar hanyar sirri zuwa intanet ɗin gidanka) irin WireGuard.