Yadda za ka kare furanni masu kai irin na albasa daga ruwan Legas

Jama'a indai a Agege ko Idi-Araba kake kuma kana son furannin nan, to ruwan watan Yuni da Yuli shi ne matsalar, ƙasa na riƙe ruwa sai kan ya ruɓe daga ciki ganye yana yin ɗorawa kai kuma kana ta ƙara mishi ruwa. A tukunya za ka shuka, ka huda gindinta sosai, ka cakuɗa ƙasar da yashi mai tsakuwa sannan ka ɗora ta kan bulo a baranda inda rana ke shiga. Amarilis, ɗaya daga cikin furannin nan, kar ka binne kansa duka, bar wuyan a waje. Furen tulif kam gaskiya kar ka ɓata kuɗinka, sanyin ƙasashe irin Holan yake buƙata kafin ya yi fure. Kafin ka zuba ruwa ka tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi to ka ƙyale ta.